Kwana Tara Altine Ba Ta Faɗi Ba

Tun kafin a-kori-kurar ta gama tsayawa Rahamatu ta diro, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta lalubo shi, ta gyara goyon Altine, ta miƙe sai ɗakin shan magani na Shagari. Tun daga Bodinga labarin ke cin ta a baki. A mota sau uku tana buɗe baki ta gaya wa matar da ke kusa da ita, sai ta tuna gargaɗin surukarta Inna Uwani: ciwon nan ko bango kada ya ji, in dai ana son yarinya ta yi aure wata rana. Shi ya sa ma ba su zuwa asibitin garinsu.

"Malam Garba, albishirinka," ta ce tun daga bakin ƙofa. "Kwana tara Altine ba ta hwaɗi ba. Tara cur, ni da kaina nike ƙirgawa."

Malam Garba, mai ba da magani, ya ɗago yana murmushi. "Madalla. Sauko min da ita in gani."

"Barci takai. Kullum barci, Malam, kamar wadda ta yi noma. Inna ta ce lahiya ce ka shiga jikinta."

Ta kwance goyon. Yarinyar mai shekara huɗu ta zube a kan benci, wuya ya langaɓe, miyau na bin haɓarta. Malam Garba ya tsayar da ita, gwiwoyin suka lanƙwashe. Ya ɗaga fatar idonta, ƙwayar idon na ta rawa. Murmushin nan ya tafi.

"Mi kika ba ta?"

Rahamatu ta kwance bakin zane da alfahari, ta ajiye ambulan biyu. Aji huɗu ta yi a firamare, kuma ita ce ke karanta wa duk gidan takarda. "Ga naka, ƙananan farare. Ga wanda babanta Maniru yas samo Sakkwato, lokacin da naka yay yanke wata guda. Da naka ya dawo sai na haɗa. Duka an rubuta safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba."

* * *

Malam Garba ya daɗe yana juya ambulan ɗin.

"Likitan Sakkwato ya san tana shan nawa?"

"A'a. Inna ta ce kada a hwaɗi. Can ma ba sunanta aka rubuta ma kati ba, Hasiya aka sa, don akwai ɗan unguwarmu da ke aiki wurin."

"Rahamatu, kowanensu maganin farfaɗiya ne mai kyau. Amma wanga sabon yana hana nawa fita daga jiki, sai ya yi ta taruwa cikin jini. Ba barcin lafiya take ba. Saurari numfashinta."

Ta kara kunne. Numfashin na zuwa, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya dawo. Kwana tara tana jin sa haka a bayanta tana godiya ga Allah. Ta tuna yadda jiya ta buɗe bakin da yatsa ta ɗura mata maganin da koko, tana yi mata waƙa.

"Da hannuna," ta ce.

"Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Sakkwato za ki kai ta yau, ki nuna musu duka biyun, ki faɗi sunanta na gaskiya." Ya dubi motar asibitin da ke kan duwatsu tun bara ba taya, ya rubuta takarda ya ba ta.

* * *

A bakin titi rana ta take. Motoci biyu sun wuce cike da albasa. Rahamatu ta mayar da hannu baya tana taɓa ƙirjin Altine. Wata tsohuwa mai tallan fura ta matso, ta leƙa fuskar yarinyar.

"Wayyo ɗiyata. Mi ka damun ta?"

Rahamatu ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta ja mayafi ta rufe kan Altine.

"Zazzaɓi ne, Inna."