Sojan da ke Tauna wa Baba Ɗalhatu Goro

Ana fita da gawar Baba Ɗalhatu, Mero ta tare ƙofar falo.

"Badaru, ba inda za ka. Ina sojan?"

Badaru shi ya kama gidan nan na unguwar Muraqqabat a ƙasar Larabawa, ya yayyanka shi da falanki yana ba 'yan kago, masu ɗaure kaya da aika su gida, haya. Falanki ɗaya ne tsakanin Mero mai tuwo da tsohon. Baba Ɗalhatu ba shi da haƙori ko ɗaya. Cikin wani kwali da ya fashe a kasuwar Sabkha ya tsinci sojan katako mai jar riga da farin gemu, da mariƙi a bayansa. Yakan sa masa goro a baki, ya danna, ƙas, ya tsince dagargajen ya tsotsa. Sun yi alkawari da Mero: in hantsi ya yi ba ta ji ƙas ba, ta leƙo.

Yanzu ga mutane na cewa tsoho ya kwana ya wuni a ƙasa har ya fara sauyawa, maƙwabciya ba ta leƙa ba.

"Inna Mero, ya isa mana. Ɗauke shi na yi don mala'ikun rahama su samu shiga. Mutum-mutumi a ɗakin majinyaci?"

"Ka kai shi ina?"

"Shara."

"Ƙarya kake. Ni ban yi boko ba, amma kunnena lafiya lau. Jiya na ji shi, shekaranjiya na ji shi."

Wata mata ta ja mayafi tana a'uziyya.

Mero ta ture Badaru ta banka ɗakinsa, wanda ke manne da nata ta ɗaya gefen. Ga soja tsaye kan firji, ɓawon gyaɗar Larabawa tuli a gindinsa.

"Kai mala'ikun ba ka bukatarsu ke nan? Faɗa musu wa nake ji."

Badaru ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Ban san da alkawarinku ba."

"Ɗaga murya."

Ya maimaita, kowa ya ji.

Ta ɗauki sojan ta mayar da shi ɗakin tsohon, kan taga. Washegari da hantsi tana tankaɗe, ta tsinci kanta ta dakata, rariya a hannu, kunne a jikin falanki. Can ciki soja na kallon katifar da aka naɗe, bakinsa a buɗe.