Ranar da Gidanmu Ya Koma Tsakiyar Teku

Mijin 'yata Hassana malamin kimiyya ne a sakandare a Hunkuyi, a gidansu nake zaune tun da ƙafata ta fara ciwo. Yana da wata rediyo da ba ta labarai ba ta waƙa. Ya ɗaura mata waya tun daga kan darbejiya har saman rumbu, kullum tana tura wani ɗan sauti sama. Wai duk wanda rediyonsa ta ji sautin a duniya, sai intanet ta ja layi a taswirar da ke kwamfutarsa, daga gidanmu zuwa wurin mutumin. Malam kuma ya rubuta a littafi: da safe ina ya kai, bayan la'asar ina ya kai. Wata bakwai yana wannan aiki.

Rannan na leƙa kwamfutar yana alwala. Layuka duk sun tsallaka ƙasashe, sai guda ɗaya gajere da ya tsaya a cikin kore shar, yamma da mu. Daji ke nan, inda 'yan bindiga suke. To suruki ne, ina ni ina tambayarsa? Ko ido ba ma haɗawa. Sai na kai maganar gidan suna a Likoro, don dai a yi dariya.

"Mu fa gidanmu har daji ake gaisawa da mu," in ji ni.

Ba wadda ta yi dariya. Nan na san na yi kuskure.

Da aka kwana uku, bayan azahar, sai ga Ukasha shugaban 'yan sintiri da mutum shida, da gorori da bindigar toka. Bayansu jama'a, har wani na cewa "infoma", wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Na san yadda aka yi da wani da aka kira da wannan suna bara. Ba a ma tsaya tambayarsa ba. Hassana ta riƙe ƙyaure tana salati. Ni kuwa na zauna a kan turmi.

Malam ya fito da takardar izinin rediyonsa. Ukasha ko kallonta bai yi ba.

"Malam Zainu, taswirar za ka nuna mana."

Aka buɗe a tsakar gida. Ga layin nan kuwa, tsaf cikin daji.

"Wane ne wannan?"

"Wallahi ban sani ba, Malam Ukasha. Kowa shi ke rubuta inda yake da hannunsa, babu mai dubawa. In ya kuskure lamba ɗaya sai ta jefa shi wata ƙasa."

"Wato na'urar ce ta yi maka ƙarya? Sannu."

Wani ya riga ya kama wuyan rigar Malam. Malam ya ce a ba shi minti biyar, don Allah. Ya goge lambar gidanmu, ya rubuta wata, ya kunna rediyon. Ni dai La'ilaha illa anta kawai nake ja, ina jin ana buga ƙofar zaure daga waje.

Can taswirar ta motsa. Layukan duk suka tashi daga Hunkuyi, suka koma fitowa daga cikin shuɗin ruwa, can ƙasa da Legas.

Ukasha ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Yanzu mu nan a teku muke?"

"Haka ta ce."

Mai riƙe da rigar ya sassauta hannu. Amma Ukasha bai gama ba.

"To na ji tana ƙarya. Wanda ya fara maganar fa? An ce ɗan gida ne, ya ji ka da kunnensa kana magana da su."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara tara ban taɓa ɗaga murya a gaban surukina ba.

"Ni ce, Ukasha. Ban ji komai ba. Layi na gani, kunya ta hana ni tambaya, na ƙara gishiri."

"Haba Iya! Da bakinki za ki sa a kashe mijin 'yarki?"

Ya fita ya yi wa jama'a bayani, suka watse da ƙyar. Amma ya ce a sauke wayar har sai dagaci ya yi magana. Malam da kansa ya hau darbejiyar ya kwance ta. Da ya sauko ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Inna, gobe in kin ga abu, ki aiko Hassana ta tambaye ni."

Na ce to. Na koma kan turmi na zauna har aka kira la'asar.