Kofin da Bai Cika Ba

Injin jus ɗin Umma ba wani abin a zo a gani ba ne. Na roba ne, mai araha, irin wanda ake jerawa a ƙasan kanta saboda masu kuɗi ba sa sunkuyawa. Da can fari ne, amma ruwan karas ya rine shi har ya koma kalar tsohon haƙori. Ƙanena Auta ya sa masa suna Mai Tari, don in aka kunna shi sai ya yi kakari kafin ya kama aiki.

Umma ta saye shi ne lokacin da haƙoran Baba suka ƙare, idanunsa kuma suka bi bayansu. Baba mai gyaran agogo ne a zamaninsa. Ido ya tafi, ƙafa ta yi nauyi har ba ya iya zuwa ko bakin ƙofa sai an riƙe shi, amma kunne yana nan daram. Abinci ya gagara, sai abin sha. Karas, kankana, abarba, kokwamba, ɗan yankin citta, duk abin da kasuwa ta bayar Umma za ta wanke ta yanka ta tura wa Mai Tari, ta kai wa Baba a kofinsa na gilashi.

Injin yana da hali, kuma Umma kaɗai ta san halinsa. In ka bar shi yana gudu sai ya yi zafi, kicin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Saboda haka takan kunna, ta tura 'ya'yan itacen, ta kashe, ta buga murfin da tafin hannu don abin da ya maƙale ya sauka, ta ɗan jira, sannan ta sake kunnawa. In ta gama ta wanke rariyarsa da tsohon buroshin haƙori, ta rataye a ƙusa, tukar 'ya'yan itacen kuma ta zuba a tukunyar furen da ke taga. Mun sha yi mata tsiya cewa ta fi lallaɓa injin nan a kan 'ya'yanta.

Sai Umma ta rasu, ba wata doguwar jinya. Da mutane suka watse, gidan ya rage daga ni sai Baba, sai Auta da ke tuƙin motar haya, wanda ganinsa sai an yi sa'a.

Baba ya daina shan komai. Ba rigima, ba kuka. In na kai masa sai ya ce, "Ajiye, 'yata, zan sha." In na dawo in tarar da kofi yadda na bar shi, ƙuda na shawagi a kai. Auta ya je ya kinkimo sabon inji, ƙato, mai sheƙi, wanda ba ka jin ƙararsa ko kana tsaye a kansa. Baba ya ce Allah ya yi albarka, bai sha ba. Likita ya zo ya duba shi, ya ja ni waje ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a kwantar da shi asibiti a zura masa roba ta hanci. Baba kuwa tun yana da ƙarfi ya roƙe mu kada mu bari a yi masa haka. Ga alkawari, ga mutum yana narkewa a gabana. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ni a kantin magani nake aiki, na san dabarar sa mutum ya haɗiye abin da ba ya so. Wata safiya na sauko da Mai Tari daga saman kabad, na kakkaɓe shi, na yi yadda Umma take yi. Na kunna, na tura, na kashe, na buga murfi, na jira. Na cika kofi fal har baki, don a ganina ko ɗigo ɗaya riba ne.

Baba yana zaune a kan gado, ya juya kunne wajen ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya zura ɗan yatsa ta bakin kofin, kamar yadda marasa gani suke yi don su san inda ruwa ya tsaya. Yatsan ya jiƙe nan take. Ya ɗan kurɓa don kada in ji kunya, ya miƙo mini.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce.

Na fita aiki raina a ɓace. Na kulle gida kamar kullum, makulli a jakata.

Da yamma na dawo na tarar da kicin yana ƙanshin abarba. Mai Tari a wanke yake tas, rariya a rataye a ƙusa tana ɗiga. Tukunyar fure ta sha sabuwar tuka. Na leƙa ɗakin Baba, ga kofi babu komai a ciki, ga shatin karas a gefen bakinsa, yana barci har da minshari. Na ce a raina, ashe Auta yana da rana.

Haka aka yi washegari, da wanda ya biyo. Na safe da nake yi Baba ya taɓa ya mayar, na rana kuwa a shanye shi ƙaf. Kumatunsa suka fara dawowa. Har ya soma tambayata ko an murɗa makullin agogon falo, don yana jin ya fara ja da baya. Ni kuwa na riƙa sayen kaya da yawa ina barinsu a kwando, ina ganin suna raguwa, ina murna.

Ranar da Auta ya shigo na tare shi da fara'a.

"Kai, ɗan albarka! Yaushe ka koyi wanke rariya, kai da ko cokalinka ba ka ɗaurayewa?"

"Wace rariya kuma, Yaya?"

"Ta injin Umma mana. Ba kai kake zuwa da rana kana yi wa Baba jus ba?"

Ya dube ni kamar na sha wani abu daga kantinmu. "Ni da nake bakin tasha tun safe? Makullina ma ya ɓata tuntuni, ban gaya miki ba ne don na san bakinki. Ni ai na ɗauka ke kike lallaɓowa."

Na fita na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, wata mai ɗinki da tagarta ke kallon ƙofarmu, wadda ko kyanwa ce ta gifta sai ta san inda za ta.

"Babu wanda yake shiga gidanku," ta ce. "Amma kullum rana ta ɗan karkata ina jin injin nan. Ya yi, ya tsaya, a buga shi, ya sake yi. Har na ce wa maigidana, yarinyar nan hannun uwarta ta ɗauko sak. Ba ke ba ce?"

"Ni ce," na ce mata, don ban ga amfanin labarinmu ya zaga unguwa kafin magariba ba.

Na koma na tsaya a kicin. Rana tana haskawa ta taga, yara na ƙwallo a waje, komai lafiya lau. Na taɓa jikin Mai Tari, na ji da sauran ɗumi. Na janye hannuna da sauri.

Na shiga wajen Baba. "Baba, wa yake kawo maka na rana?"

"Ana kawowa, ina sha," ya ce.

Ni ba matsoraciya ba ce, amma ina da iyaka. Na naɗe wayar injin, na cusa shi a jaka, da safe na tafi da shi kanti na tura ƙarƙashin kanta, bayan kwalayen auduga. Yini guda ina sayar da magani ina satar kallon wajen, ina jiran in ji ya yi tari. Bai yi ba. Da na koma gida kicin a bushe yake, ƙusa babu rariya. Na ji sanyi a raina.

Baba kuwa ya koma gidan jiya. Bai tambaye ni ina injin yake ba, bai yi fushi ba. Kullum dai in na shiga zan same shi ya karkata kai wajen ƙofa yana sauraro. Na yi masa da sabon injin Auta, na matse lemo da hannu, na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka. Cikin 'yan kwanaki leɓunansa suka tsattsage, muryarsa ta dawo kamar ta wanda ke magana daga wani ɗaki. Likita ya sake zuwa ya ce shi ya gama nasa, gobe ko jibi sai asibiti.

Bayan ya tafi na zauna a bakin gado. Na ce, "Baba, don Allah me na kasa? Yadda take kunnawa na kunna, yadda take bugawa na buga."

Ya yi ɗan murmushi. "Bugun kin iya. Ko ni da na ƙare rayuwata ina sauraron agogo, na kusa ruɗewa. Amma kofinki cike yake, 'yata."

"To laifi ne a cika kofi?"

"Farkon zuwan injin nan, uwarku ta matse mini wata kokwamba mai ɗaci ba ta sani ba. Na shanye ban ce uffan ba, don kada ranta ya ɓaci. Da ta lasa ragowar ta gane, ta yini tana kuka. Tun daga ranar ba ta ƙara miƙo mini kofi ba sai ta kurɓa a hanya. In na sa yatsa na ji ya sauka kamar gaɓa ɗaya, na san an ɗanɗana, lafiya ne." Ya numfasa. "Na ranan nan da ake kawowa, a sauke yake."

Shekara da shekaru ina gidan nan ban taɓa lura ba. Kunya ta kama ni, sannan wani haushi ya biyo baya: ashe kurɓi ɗaya ne tsakanin ubana da robar asibiti! To ai ni ma ina da baki.

Ban jira komai ba. Na hau mota na koma kanti, na jawo Mai Tari daga bayan kwalaye, na dawo da shi rana tsaka. Na wanke karas da abarba, na ɓare citta. Na kunna, ya yi tarinsa, na tura, na kashe, na buga murfi. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya, duk da bayana yana gaya mini kicin ɗin ya yi mana kaɗan. Na cika kofi fal har baki, na ɗora a faranti. Niyyata in kai bakin ƙofarsa in kurɓa, in shiga.

Daga kicin zuwa ɗakin Baba ɗan siririn lungu ne. Na bi shi a hankali, idona a kan ƙofa, hannuna bai girgiza ba. Da na isa na ɗaga kofin zan kai baki.

Ya riga ya sauka, kamar gaɓar yatsa ɗaya. Na duba farantin, a bushe yake, ko ɗigo babu. A gefen gilashin da ba ya kallona akwai ɗan shatin leɓe, bai ko bushe ba.

Ban kurɓa ba. Na tura ƙofa da ƙafa, na miƙa masa, na koma bakin ƙofa na jingina. Baba ya zura yatsa. Fuskarsa ta saki. Ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga bayansa, har yana lasar baki. Hawaye suka zubo mini, na tsoro da na daɗi a haɗe.

Ya riƙe kofin a cinya, ya juyo da kunne wajena.

"'Yata," ya ce, "kin tare ƙofa. Matsa mata ta wuce."

Na matsa.