Da Iska Ko Ba Iska?

Shekara talatin Inna Uwani tana karɓar haihuwa a Tungar Wakili, wani tsibiri a tafkin Kainji, sai ga rediyo yana cewa majalisar dokokin jiha na muhawara kan sabuwar doka. Duk garin da bai kai kilomita biyar daga asibiti ba, ungozoma ta ɗauke hannunta. A takarda kuwa, tsakanin Tungar Wakili da asibitin Wara kilomita uku ne cif. Takarda ba ta san ruwa ba.

Hankalin Inna ya tashi ƙwarai, don jikarta Salma cikinta wata bakwai, haihuwar kuma za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da tafkin ke hauka.

Ranar da kwamitin majalisa ya zo Yelwa jin ra'ayin jama'a, ta shiga jirgi tun da safe. Tana shiga zauren ta hango Sista Rahila, ma'aikaciyar jinyar Wara. Shekara goma ba sa ga maciji. Kullum Rahila cikin yi mata faɗa take: sabuwar reza, safar hannu, wanke hannu har gwiwa. Inna kuma tana kiranta Sarauniyar Sabulu, a bayan idonta dai.

Da layi ya zo kanta, shugaban kwamitin, Honorabul Habibu, ya ce, "Inna, daga garinku zuwa asibiti kilomita nawa ne?"

"Ranka shi daɗe, da iska ko ba iska?"

Zauren ya kwashe da dariya. Ita har ga Allah ba wasa take ba, haka mutanen ruwa ke auna tafiya. Kunya ta rufe ta, duk maganar da ta tsaro ta gudu.

Sai ga Rahila ta miƙe. Inna ta ce a ranta, shi ke nan, an gama da ni.

"Tambayarta daidai ce," in ji Rahila. "Ba iska, minti arba'in ne a jirgi mai inji. Da iska, ni da kaina na taɓa yini a bakin ruwa da akwatin magani, ba matuƙin da ya yarda ya tashi. Matar nan taurin kai gare ta, na fi kowa sani. Amma in kun hana ta, ranar iska wa zai karɓi haihuwa a can? Ku yi mata rajista, ku ba ni ita in horar da ita."

Dariya ta ɗauke. Honorabul ya daɗe yana rubutu.

Bayan wata guda rediyo ya ce an gyara sashen: inda ruwa ya raba gari da asibiti, ungozoma mai rajista ta ci gaba da aikinta. Inna ta yi kukan farin ciki, ta kai wa Rahila kwandon bandar kifi.

"Allah shi saka miki, ɗiyata. Ban san mi zan ce ba."

"Kar ki ce komai, Inna. Ki dai wanke hannu."

Naƙudar Salma ta tashi wata Talata da hantsi, iska na ɗaga jirage tana maka su a gaɓa. Ko kallon ruwan ba wanda ya yi. Inna ta buɗe jakar da Rahila ta ba ta, ta ɗauki sabulu, ta wanke hannu har gwiwa, sau biyu, karo na farko ba tare da gunaguni ba.