Kyanwa Mai Farar Ƙafa

Shekara biyu da yanke jihar Kebbi, Rufa'i na da gidan kallo a Jega. Wani shago ne bayan tasha, an toshe tagoginsa da buhunan albasa, ga talabijin ɗaya, bidiyo ɗaya, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Bayan la'asar yake buɗewa, a tashi kafin magariba. Ran kasuwar Aliero ko ta Maiyama kuwa, sai ya ɗaure kayan a bayan a-kori-kura ya bi 'yan kallo har can.

Kasakasansa na bidiyo duk tsofaffin finafinan Turawa ne na arha, irin waɗanda dodo ke saukowa daga wata duniya cikin kumbo mai kama da murfin tukunya, har kana hango zaren da aka rataye shi da shi. Rufa'i ke tsayawa gefen talabijin yana fassara, alhali Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Kyanwa ce malamarsa. Ya lura masu finafinan nan ba su da halin nuna dodo kowane lokaci, sai su nuna kyanwa ta gantsare tana huci a bakin ƙofa, kowa ya san abu ya iso. Wanda kyanwa ta guje wa, dodo ya riga ya shige jikinsa. Wanda ya kore ta da takalmi, ba ya ganin ƙarshen fim. Da wannan Rufa'i ke shirya labari tsaf, har ana cewa ya fi Turawan iya faɗinsa.

A gida kuma akwai wata kyanwar, baƙa wuluk, ta tsohuwarsa Inna Gudiya mai daddawa. Da damina Asabe matar maƙwabcinsu Barau ta kwanta zazzaɓi, cikin zafin ciwo ta ce ta ga baƙar kyanwa zaune a kanta. Asabe ta warke, maganar ba ta warke ba. Ba wanda ya fito ya kira Inna mayya, amma daddawarta ta daina ƙarewa, mata kuma suka koma gaishe ta daga bakin zaure.

Abin ya ci Rufa'i ƙwarai, sai dai shi mutum ne mai tsoron fito-na-fito. Sai ya ɗauki faɗan ya kai cikin fim. Duk inda kyanwa ta gitta a talabijin, ya dinga yabonta ke nan: ita ce mai gadi, ita ce mai gaskiya, mai zarginta shi ke fara mutuwa. Wata huɗu yana haka, yana ganin aiki yake yi.

Ana nan Shehu direba ya kawo masa sabon kaset daga Sakkwato, da hoton baƙar kyanwa a bangonsa. Lokacin ana wahalar fetur, Rufa'i ya ƙi ɓata galan guda wajen kallon gwaji. Ya sa aka yi shela. Ranar shago ya cika maƙil, ga Barau kansa a benci na biyu, ga Ɗantsoho mahauci a gaba, inda ya saba zama.

Fim ya fara da wani likita mai farar riga da kyanwarsa baƙa, mai farar ƙafa ɗaya ta gaba. Rufa'i ya gyara murya ya ce a sa mata ido, ita za ta ceci garin. Likita ya ɗebo wani koren ruwa daga cikin kumbo ya yi mata allura. Ba a jima ba kyanwa ta yi tsalle ta kama maƙogwaron likita, jini ya wanke farar riga. Ta bi matarsa, ta bi mai kawo wasiƙa.

Barau ya juya ya dubi na bayansa, ya ce, "To, kun dai gani da idonku. Baƙar mussa ba ta zama gida banza."

Rufa'i ya san kafin isha'i maganar nan ta zaga unguwa, da shaidar Turawa a kanta. Ya ƙura wa talabijin ido don ya rasa inda zai duba, sai ya ga ƙafafun kyanwar da ke kan gawar. Duka huɗun baƙaƙe ne.

Ya tsayar da kaset, ya mayar baya har wurin allura, ya ce a dubi ƙafa. Ya sake turawa gaba, ya ce a sake duba. Ɗantsoho ya taso ya kusa manna hanci da gilashi. Shekara talatin yana fiɗa, ba a yi masa gardama a kan dabba. Ya ce ta farko mace ce, wannan kuwa namiji ne, dubi kai. Wadda ta kama maƙogwaro ma ba rai gare ta ba, fata ce aka cusa wa auduga aka jefo daga gefe.

Rufa'i ya san gaskiyar abin: Turawan nan talauci ya sa suka yi da duk kyanwar da suka samu. Amma ya ce dodo ne ya ɓoye ta gidan ya ari kamarta, don a zargi marar laifi. Shago ya ɗauka da Allahu akbar. Barau kuwa sai sosa ƙeya yake.

Rufa'i ya koma gida da saurinsa. Inna na tsakar gida, tiren daddawa a gabanta kamar yadda ta jera shi da safe, kyanwar na kwance a gefen zanenta. Ya ba ta labari tun daga allura har sosa ƙeyar Barau. Ta saurara har ya gama.

"Madalla," ta ce. "Mussa ta samu mai wanke ta. Ni kau wata huɗu ina jiran ɗana shi buɗe baki shi ce uwatai ba mayya ta ba."

Ta ɗauki buta ta shiga alwala, ta bar shi tsaye.

Washegari shago ya sake cika, kowa na son ganin ƙafa. Rufa'i ya kama igiyar janareta, ya sake ta, ya dawo gaban talabijin. Ya dubi jama'a ya ce:

"Kahin in tada inji. Tsohuwata ba mayya ta ba. Wanda ad da magana shi yi ta yanzu, ga ni tsaye."

Barau ya tashi ya fita, mutum biyu suka bi shi. Rufa'i ya jira har suka sha kwana, sannan ya je ya ja igiya.