Juma'a ta Uku

Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a Gusau, ban taɓa ganin aikin da aka tsara da kyau kamar na hancin Malam Sahabi ba. Har yau in na tuna yadda ya ƙare, raina ɓaci yake.

Sahabi mai tsire ne a Bungudu. Haɗarin mota ya rutsa da shi a hanyar Tsafe, gilashi ya tafi da kan hancinsa. Ya warke, yana numfashi lafiya lau, amma ciniki ya mutu. Mutum zai tsaya gaban tukuba, ya ɗaga ido ya ga ramuka biyu a buɗe, sai ya tuna yana da uzuri. Matarsa Bara'atu ce ta matsa masa lamba har suka zo wurin Dokta Mahadi.

Likitan ya ɗauki hoton fuskar ta gaba da ta gefe, ya yanka takarda daidai girman abin da ya ɓata, ya ɗora a goshi ya zana. Ya ce zai ciro guringuntsi daga kunne ya kafa ginshiƙi, sannan ya yanko fatar goshi ya juyo da ita ƙasa ya rufe. Ba zai raba ta da goshin ba tukuna. Zai bar wata igiyar fata daga gira zuwa hanci, ta nan jini zai riƙa ciyar da sabon hancin har ya kama.

"Sati uku kana gida, Malam," in ji likita. "Kada komai ya taɓa wurin. Salla ma da nuni za ka yi, ban da sujada."

"Na jiya. Allah shi ba mu ikon kiyayewa."

Ranar Talata aka yi aikin, ya kuwa yi kyau. Ni na koya wa Bara'atu wanke ɗinkin, na hana Sahabi kwanciya rubda ciki, na hana shi zuwa kusa da hayaƙi. Surutu dai na zuba shi kamar kanya. Amma ni da likita, duk iliminmu, babu wanda ya ƙirga Juma'a nawa ke cikin sati uku.

Saura kwana huɗu a yanke igiyar, ranar Juma'a bayan la'asar, aka shigo da shi a kwance, rawani jiƙe da jini a fuskarsa. Bara'atu na biye tana kuka.

"Malama, na hana shi, wallahi na hana shi! Ya ce ya bar Juma'a biyu, ba shi barin ta ukku. Wai wanda duk ya bar ukku a jere, an toshe zuciya tai."

"To ba mara lafiya ba ne? Ai yana da uzuri!"

"Haka ni ce mai. Ya ce mutumin da ka cin tuwo, shina tahiya da ƙahwa tai, wane irin mara lahiya ne?"

Ya yi niyyar ya tsaya a bayan sahu ya yi nuni, amma masallaci ya cika, aka tura shi tsakiya. Da jama'a suka duƙa, kunya ta hana shi zama tsaye shi kaɗai, ya bi su har sujada. Na gabansa ya zo miƙewa, diddigensa ya ɗauke hancin.

Dokta Mahadi ya mayar ya ɗinke, amma igiyar ta riga ta tsinke. Ranar Lahadi fatar ta yi shuɗi, ranar Litinin ta yi baƙi tana wari. Muka cire ta, har da guringuntsin. Ramin ya fi na da faɗi, ga kuma dogon tabo a goshi. Likita ya ce sai bayan shekara a duba ko ɗaya gefen goshin zai yiwu, bai kuma yi alkawari ba.

Ina sa wa Sahabi bandeji ranar sallama, na cika na yi fam, na kasa ko kallonsa. Bai nemi madubi ba. Can ya ce a hankali, muryarsa na fita ta cikin auduga:

"Malama, raka'a guda ni samu, jini ya hidda ni kahin liman shi sallame. Kina ganin an rubuta mini Juma'ar?"