Tuffa a Cikin Kanyar Batiste

"Ke ce! Duk garin nan ban da ke wa zai yi min wannan?" in ji Batiste.

Remei ta ƙara jan mayafinta, don sanyin ɗakin ajiyar yayanta Batiste har ƙashi yake shiga. Ta tuna masa mabuɗi ɗaya ne, kuma a wuyansa yake rataye kamar laya, ko matarsa ba ta taɓa shi.

Akwatunan kanyar Turai ne jere har rufi, jajaye manya-manya, waɗanda dole su kai Kirsimeti da taurinsu, in ba haka ba dillalin birnin Balansiya ko kallonsu ba zai yi ba. To, ko yaron goye ya san ba a haɗa kanya da tuffa: numfashin tuffa ɗaya sai ya narkar da akwati guda. Amma tun da aka shiga sanyi, kullum ya buɗe ƙofa sai ya tarar da sabon akwati ya yi luguf yana ɗiga, da tuffa a tsakiya. Rabin amfanin gonar ya riga ya tafi.

Remei ta ɗauki tuffar yau. An naɗe ta a jarida, an murɗe bakin sau biyu zuwa hagu. Haka Inna mahaifiyarsu take naɗi, Inna da ba ta da haƙori ko ɗaya, wadda kowace kaka ake kai wa akwatin farko ta nunar da abinta da tuffa ta sha da cokali. An binne ta da bazara. Bana Batiste, mai hannu kamar an ɗaure da igiya, ya ce matacce ba ya shan kanya.

A ƙasan akwatin akwai kanya guda da aka yanke wa kai, an kwashe cikin tas, ga sawun cokali a ɓawon.

"Yaya, rabonta take nema. Ka kai mata kafin ta gama da sauran."

Ya ce mata mahaukaciya, ya ce ɓera ne. Ta tambaye shi ɓeran wane gari ke karanta jarida.

Injin sanyi ya yi shiru. Can ƙurya wani akwati ya yi ƙara a hankali, kamar an jingina da shi.

Batiste ya sunkuci akwati mafi kyau.

"A gindin tagar ɗakinta Inna take ajiyewa, ko?"

Bai jira amsa ba. Ya fice, ya banko ƙofar.